Zezuma, Mai Masaukin Sauro

Na daɗe ina gyaran keken Zezuma Millogo, ban taɓa ganin ya zauna ya jira na gama ba. Zai jingine shi a jikin mangwaron da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce faci ne. Kafin na cire taya ya zagaya kasuwa ya dawo, ya ɗauki sifana ya ajiye, ya leƙa bokitin ruwa, ya tambaye ni ko duk Fulani haka suke da nawa. Ni sunana Barke. Shanun ubana sun ƙare ina yaro, na zo Kolonso da famfo da 'yan robobi, na zauna. Shi ɗan ƙabilar Bobo ne, tsakaninmu da su kuwa akwai wasa tun kakanni, don haka zagi ne gaisuwarmu.

"Bawana, an tashi lafiya? Ina shanun?"

"Suna gidan giyar dolo suna jiranka, mashayi."

Siriri ne, mai dogayen hannuwa. Yana saurayi ya tafi gonakin koko a Kwaddibuwa, ya dawo da tabon adda a ƙauri da rediyo marar murfi. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta birnin Bobo. Ya gwada kiwon zabi, suka watse masa a daji. Ƙarshe ya koma gonar ubansa, auduga da masara, ya auri Tene, wadda take soya shitumu, tsutsar kaɗanya, a bakin hanya idan damina ta kankama. Sun haifi 'ya'ya, sun binne biyu, Madu da Nyele, duka da damina, duka zazzaɓi. Shi ba ya maganarsu. Tene ce take yi.

Shekarar da masu binciken sauro suka fara zuwa daga Bobo, motarsu ta kafe a laka kusa da gonarsa. Ya kira mu muka tura. Ya kai su gidansa suka wanke ƙafa, Tene ta ba su ruwa, ya raka su wurin mai ƙasa, dattijon da yake riƙe da al'adun ƙasar garin, suka yi gaisuwa. Shi ke nan ya zama jatiginsu, wato mai masaukinsu, ba tare da ya nema ba. A nan baƙon da ya sha ruwan gidanka, ka kuma kai shi gaisuwa, kai ne mai masaukinsa. Akuyarsa ta ci masarar wani, ƙofarka za a buga. Ya yi wa ƙasa laifi, kazarka za a yanka. In laifin ya yi girma, ka raka shi bakin hanya ka sallame shi. In kuwa ya ƙi tafiya, kai ne za ka kwashe iyalinka ka bar garin.

Baƙin ba su ba shi wahala ba. Aiki ma suka kawo, kamun sauro da magariba. Sauro namiji ba ya cizo, rawa yake yi. Da rana ta faɗi mazan suke taruwa a iska, sama da wani abin da suka zaɓa: tarin itace, bakin rijiya, wani fili da ciyawa ta ƙi fitowa. Nan mace take zuwa ta ɗauki miji. Ba ka ganinsu sai ka durƙusa ka sa su tsakaninka da jan sararin yamma. Kana gani ka kaɗa raga, ka juye a kofi mai rufin yadi, ka ruga wuri na gaba kafin duhu ya rufe. Gudu ne daga farko har ƙarshe. Na yi damina ɗaya gwiwata ta ce ta gaji. Zezuma kuwa kamar don shi aka ƙirƙiro aikin. Tene ta ce tun da ta aure shi sai yanzu ƙafarsa ta yi wa wani amfani.

Shugabar masu binciken ita ce Madam Kambire, 'yar ƙabilar Dagara, gajeriya, mai takalmin roba irin na manoma. Ni ba na yarda da mutum don ya iya magana. Na yarda da ita ranar da na gan ta cikin kududdufi har gwiwa, da ludayi, tana ɗibar tsutsar sauro, direbanta yana gyangyaɗi a mota.

Bayan wasu shekaru ana haka, farkon wata damina, ta nemi a tara gari. Aka taru a gindin rimi, maza a gefe, mata a gefe, Baba Sogo mai ƙasa a kan kujerarsa.

"Ɗa yakan ɗauki wani abu daga uba, wani daga uwa," in ji ta. "Akwai wani sauro da aka yi wa gyara a cikin abin da yake gadar wa 'ya'yansa. Ba rabinsu ne suke ɗauka ba, kusan dukansu ne. Su ma su ba nasu. Macen da ta gaje shi ta wajen uwa da uba ba ta haihuwa. In aka sake shi ya auri na nan, a hankali irin sauron da yake kawo zazzaɓi zai yi ta raguwa. Ba bana ba, ba baɗi ba. Ba mu da izini, kuma ba mu gama auna abin da zai iya ɓaci ba. Shi ya kawo ni. Ku faɗa mini abin da kuke tsoro, mu je mu duba."

Aka yi ta faɗa. Wani ya ce jemage me zai ci. Wani ya ce kifi. Tene ta ce ita dai kada a taɓa mata shitumu. Wata amarya ta rufe fuska ta tambaya ko macen da ya ciza ita ma za ta daina haihuwa. Madam ta ce a'a, abin yana bi ne ta auren sauro da sauro, amma duk da haka ana gwada yawunsa, kuma za ta zo ta faɗi abin da aka gani.

Baba Sogo ya bari sai da kowa ya gaji. Sannan ya tofar da goro.

"'Yata, wannan baƙon, wane ne jatiginsa?"

"Baba, cibiyarmu ce za ta ɗauki nauyi. Da gwamnati."

"Cibiya ba ta da ƙofa a Kolonso. Gwamnati ba ta zuwa jana'izarmu. Ina tambayar wanda zan aika a kira in abu ya ɓaci, ya zo da ƙafarsa kafin tuwo ya huce."

Ba wanda ya kira suna. Kowa dai ya juya ya kalli Zezuma, wanda yake tsaye a baya yana sauya ƙafa. Baƙon baƙonka naka ne. Baba Sogo ya ce ba dole, yana iya ƙi, kuma in ya ƙi garin ya ƙi ke nan. Ya ba shi zuwa bayan girbi.

Daga ranar ɗan zaman da yake yi ma ya ƙare. Abu na farko, ya ce ba zai karɓi baƙon da bai gani ba. Madam ta aiko mota, muka tafi Bobo, ni da shi da wasu dattawa. Aka sa mana fararen riguna. Ƙofa bayan ƙofa, iska tana hura ka a tsakani, ba a buɗe ta gaba sai ta baya ta rufe. Ciki ɗumi kamar ɗakin mai jego. Zezuma ya manna goshi a gilashi yana kallon kejin.

"Shi ne wannan?"

"Shi bai iso ba tukuna, yana keji a Turai. Waɗannan 'yan uwansa ne. Kamanninsu ɗaya."

"Ai wannan namu ne sak. In ya yi laifi ta yaya zan gane shi a cikin taro?"

"Ba za ka gane ba. Sai ka kamo mun duba a nan."

Ta kai mu wani ɗaki inda ma'aikata suke tsince kashin jemage, wasu suna farke cikin ƙananan kifaye da ƙadangaru. Wari ya ishe ni, amma na tsaya, don aiki ne na gaske nake gani. Ta ce sun sami sauro a cikinsu, amma kaɗan ne a kan sauran ƙwari, ba su sami wanda ya dogara da shi kaɗai ba. Ta ce akwai inda ba ta da amsa: in wannan irin ya ragu, wane ne zai gaje kududdufinsa? Suna da zato, ba su da tabbas.

"To Madam, tambaya ɗaya. In na ce ya tafi, zai tafi?"

"A keji an iya tsayar da shi. A daji ban sani ba. Kuma duk wanda ya ce maka ya sani, kada ka saya."

A hanyar dawowa bai zagi kowa ba. Na ce masa Bobo ya ga fanka ya kurumce. Ko kallona bai yi ba.

Tsakiyar damina aka yi wani gwaji da sauron garin, wanda ba a taɓa ba. Aka kamo su, aka barbaɗa musu hoda mai launi, aka sake su a tsakiyar gari, don a ga iya nisan da suke yi. Kowane mai raga aka ba shi wuraren da zai kama. Zezuma ya gama nasa, ƙafa ta ƙi tsayawa, ya ƙetare rafi zuwa bukkokin gona na mutanen Yirini, garin da muke maƙwabtaka da shi, ya kaɗa raga a can ma. Da aka haska kofinsa aka ga guda yana ƙyalli.

Madam ba ta yi mamaki ba. Ta ce sun san zai ƙetare, iska ma tana ɗaukar sauro nesa fiye da haka.

"Yirini sun sani?"

"Za a je musu. Akwai tsari, gari bayan gari."

"Madam, ku yi tsarinku. Amma jatigi ne yake kai baƙo gaisuwa duk gidan da zai bi ta ƙofarsa. Ba a jin labarin baƙona a bakin wani."

Washegari ya zo a sa masa sabon birki. A hannun keken ya ɗaure kofi mai rufin yadi, da mazan sauro a ciki, da ƙunshin goro a baya.

"Wannan fa?"

"Baƙon bai iso ba. Waɗannan su tsaya masa."

"Allah Ya shirye ka. Bobo in ya rasa abin kiwo sai ya kiwata sauro."

"Gara ni ina da garke. Kai fa?"

Na raka shi Yirini don in ga yadda za a kore shi. Ba a kore shi ba. Mai ƙasarsu ya karɓi goro, ya ɗaga kofin ya duba, ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ɗan Millogo, namu bai ishe mu ba sai ka ƙaro mana?"

Zezuma ya tsuguna, abin da ban saba gani ba, ya faɗi duk abin da Madam ta faɗa, har da inda ta ce ba ta sani ba. Bai rage ba, bai ƙara gishiri ba. Dariya ta tsaya. Mutanen Yirini suna da tafki da tarwaɗar da ba sa ci, in ta mutu likkafani suke yi mata. Tsohon ya ce shi ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, sai an zo an duba abin da 'ya'yan tarwaɗarsu suke ci, a gabansa, ba tare da an farke ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ka je Bamakele kuwa? Gonakinmu haɗe suke."

Ya je Bamakele. Can wata tsohuwa ta riƙe masa keke ta ce ya koma ya kawo shi yau, jikokinta sun ƙare mata a hannu. Su ma suka nuna masa gari na gaba. A wani garin aka ce shi ne mai sayar wa Turawa jinin mutane, aka bi shi da jifa, ya dawo da kofi a fashe. Ya nemi wani kofin. Kowane gari yana da maƙwabci, kowane maƙwabci yana da nasa. Yakan fita da sassafe ya dawo a guje don kamun magariba, ido jawur, laka har cinya. Tayar baya na yi mata faci har babu sauran wurin da roba za ta kama.

Rugar Arɗo Hamadun ni na kai shi, don in yi masa tafinta. Arɗo ya ga Bobo da kofi, ya kira matansa su zo su gani.

"Bawanmu ya yi arziki! Nawa ne a garken? Ana tatsarsu?"

"Ana tatsa, Arɗo. Ku suke tatsa."

Aka ba shi nono, ya ce shi ba maraƙi ba ne, ya shanye. Ya yi bayaninsa. Arɗo ya tambaya ko abin zai taɓa shanu, aka ba shi amsa. Sai ya nuna arewa da sanda.

"Mu da rani arewa muke yi, har cikin Mali. 'Yan uwanmu suna can. Ka ce iska tana ɗaukarsa. Can ma za ka je gaisuwar da keken nan?"

Muka yi wa Arɗo sallama. A hanya Zezuma ya sauka daga keke yana turawa, ya hau, ya sake sauka. Ya ce, "Barke, ina ƙarshen abin nan?" Na ce ni mai faci ne.

Duk wannan yawon gona ce take biya. Ciyawa ta rufe audugarsa, tsutsa ta shiga, ɗansa na fari shi kaɗai yake fama da feshi. Sai ga shi wata rana, yana can wani gari, jikarsa, 'yar wajen 'yarsu Sali, ta fara zafin jiki da safe, kafin azahar ta sanƙare. Babu keke a gida. Tene ta goya ta ta kama hanyar asibitin gunduma a ƙafa, sai a rabin hanya mai babur ya tsaya musu. Yarinyar ta rayu. An yi mata ƙarin ruwa, ta kwana uku, ta dawo kamar tsinke.

A wurin aikina Tene ta same shi, da rana tsaka, kasuwa tana ci. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga.

"Baban Sali, sannu da yawo."

"Tene, ba a nan ba."

"A ina? A gida ana ganinka? Kana bin garuruwa kana neman izinin mutanen da ba su san sunan ubanka ba. Wannan da yake cizonmu, wa ya kai shi gaisuwa? Wa ya nemi izininka kafin ya ɗauki Madu? Da Nyele?"

"In na karɓa ya ɓaci, mu za mu tashi. Gidan ubana. Kaburburan yaran ma a nan za mu bar su."

"In ka ƙi fa, wa zai tashi? Ba kowa. Kowa yana gidansa. Haƙa kawai za a ci gaba da yi."

"Ke ce kika ce kada a taɓa miki shitumu."

"Na ce. Na je na tambayi Madam, ta nuna mini abin da suka duba, ta faɗa mini abin da ya rage. Na dawo na ɗora kaskona. Kai ne ka kasa dawowa."

Ta juya gare ni. "Kai kuma Bafillace, ka daina gyara masa keken nan."

Na ce to. Ta tafi, na ci gaba da gyara. Ba na ce tana da laifi ba. Shi ma ban ce yana da shi ba.

Madam ta ji labari. Ta je wurin Baba Sogo da kanta ta roƙa a cire Zezuma daga maganar, ta ce ba daidai ba ne mutum ɗaya ya sa gidansa a kan abin da masana da yawa ba su gama aunawa ba. Tsoho ya ce shi bai ƙirƙiro al'adar ba, tarar da ita ya yi. Ta sami Zezuma a gona ta ce masa amincewarsa ba ita za ta buɗe keji ba, akwai hukuma, akwai ƙasashen maƙwabta, akwai gwaje-gwajen da za su ci shekaru, ƙila ma a ƙarshe a ce a'a. Ta ce in ya ƙi ba za ta ji haushi ba, kuma aikinsa yana nan. Ya ce ya ji. Ya ci gaba da cirar ciyawa, yana tsallake layi yana dawowa.

Aka yi girbi. Audugarsa ba ta yi abin kirki ba. Aka sake taruwa a gindin rimi, har da mutanen Yirini da suka zo kallo. Aka ba Zezuma tabarma, ya ƙi, ya tsaya yana murza hularsa.

"Baba, na je gaisuwa har keke ya gaji. Ban kai ƙarshen inda baƙon nan zai je ba. Ba wanda zai kai. In ya yi laifi ba zan iya raka shi bakin hanya ba, matar nan ta faɗa mini da bakinta. Wasu garuruwan suna so, wasu ba sa so, wasu sun jefe ni." Ya tsaya, ya kalli ɓangaren mata, ya kau da kai. "Na karɓe shi. Amma na Kolonso kaɗai. Yirini su nemi nasu jatigin, Bamakele su nemi nasu. Kuma ba a kawo shi gidana sai su ma sun samu, sai kuma an duba tafkin Yirini."

"Ka san abin da ka ɗauka?"

"Na sani, Baba."

Mata suka yi guɗa, wasu maza suka tashi suka tafi ba sallama. Ni ban yi guɗa ba, ban tafi ba. Na sha jin mutum ya ce ya ɗauka a gaban taro. Abin da ba a sake ba, ba a ma kawo shi ƙasar ba, ɗaukarsa da baki ba wuya.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo keke, mazaunin kaya ya lanƙwashe.

"Me ka ɗora masa, jaki?"

"Ruwa. Jarka biyu."

"Rijiyarku ta ƙafe ne?"

"Gyara kawai, bawa."

Na gyara, ya dawo da shi a karye. A karo na uku na rufe akwatin kayana na bi sawunsa. Ya bi hanyar yamma, ya wuce gonaki, ya wuce dutsen da yake iyakar ƙasar Kolonso, ya hau wani tudu mai tsakuwa na garin kawunnansa. Can na same shi, ba riga, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa. Tubali jere a rana. An riga an ja harsashin ɗaki.

"Mene ne wannan?"

"Inda zan koma. Kawuna ya ba ni wurin."

"Kai, ba a saki komai ba! Ƙila sai ƙasa ta rufe maka ido ba a saki ba."

"Ƙila. Amma na ce na ɗauka. In ranar ta zo ban san inda zan kai Tene ba, ai ƙarya na yi wa gari. Miƙo bokitin nan."

Na miƙa. Tun da na riga na zo, na cire riga.

Labari ya koma gari kafin mu koma. Wasu suka ce fatan tsiya yake yi wa aikin. Wasu da suka yi guɗa suka tsorata, suka ce in jatigi da kansa yana gina wurin gudu, me ya gani? Mai ƙasar Yirini kuwa ya aiko aka duba masa ko gaskiya ne, bayan haka ya aika wa Madam cewa ta zo tafkin. Ita ma ta hau tudun wata rana. Ta tsaya ta daɗe tana kallon bangon. Ta ce, "Da na san haka tambayata za ta jawo maka." Ya ce ba tambayarta ba ce, ta Baba Sogo ce, sannan ya ce ta matsa gefe, tana taka masa tubali ɗanye.

Tene ta ƙi zancen. In an kawo mata sai ta ce ita ba ta san wani tudu ba. Tana dafa masa abinci, ya ɗaure a keke ya tafi, ya dawo kamun magariba, don aikin sauro bai tsaya ba. Har yau da nake rubuta wannan ba a kawo baƙon ba, ana can ana aune-aune, kuma bana ma yara sun yi zazzaɓi kamar kowace shekara.

Bango ya kai kafaɗa lokacin da Tene ta zo. Ina can, muna ɗora tubali, sai muka hango ta tana hawowa da ƙwarya a ka, a hankali, tana hutawa. Zezuma ya sauko, ya goge hannu, ya sake hawa, ya sake saukowa. Ta sauke ƙwaryar a inuwa. Ba ta gaishe mu ba. Ta zagaya ɗakin, ta taɓa bango, ta leƙa ciki, ta kalli inda rana take fitowa.

"Wa ya sa ƙofar nan?"

"Ni."

"Gabas take kallo. Shekararka nawa a duniya ba ka san ta inda hadari yake tasowa ba? Ruwan farko zai shigo mana har kan gado. Kuma ina zan sa murhu, a kan tsakuwar nan?"

"Sai a toshe a buɗe ta kudu."

"To me kuke jira? Kai ma Bafillace kana tsaye kana kallo aka yi wannan shirmen."

Zezuma ya ɗauki gatari ya fara sarar bangon kudu. Ni na koma kwaɓa ƙasa. Ita kuma ta tsinci wani kara tana zana inda take son murhunta.